Na tafi neman zaki, na dawo da kada da kashin kura

Shekara goma sha ɗaya kenan ina zanen namun daji a ɗan shagona na Unguwar Rimi a Kaduna, kuma in za a tara zakunan da na zana wallahi sun ninka zakunan da suka rage a dazukan Najeriya gaba ɗaya. Ba cika baki bane, abun kunya ne ma in ka duba. Zaki shi ne kasuwa. Alhaji zai shigo yace a yi masa zaki na falo, mai otal zai ce zaki, ɗan siyasa zai ce zaki amma a buɗe masa baki sosai, babu wanda ya taɓa zuwa yace min zana min dila ko kura. To ni kuma me zan yi, sai in buɗe waya in shiga intanet in ɗauko hoton zakin Kenya ko Tanzaniya mai gezar nan baƙa har ƙirji, in ɗan juya masa kai, in canza bishiyar da ke bayansa, shikenan an samu na cefane.

Wanda ya ɓata min wannan jin daɗin wani dattijo ne da ke gadin shagunan layinmu, mutumin wajen Birnin Gwari, da ƙuruciyarsa maharbi ne kafin dajin ya zama abun da ya zama. Wata rana da yamma na fito da wani babban zane waje don fenti ya sha iska, ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo hannunsa a baya, ni kuma ina jiran yabo. Sai yace, "Yaro, wannan zakin na ina ne?" Nace Baba zaki ai zaki ne. Yace a'a, namu ba ya da wannan uban gashin, namu gezarsa 'yar kaɗan ce, wani ma sai ka matso za ka gane namiji ne, kuma wannan naka ya ƙoshi da yawa kamar ragon layya. Ya yi tafiyarsa.

Raina ya ɓaci gaskiya, amma da dare na bincika sai na tarar Baba bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Zakin Afirka ta Yamma gezarsa ba ta kai ta na gabas ba, kuma wai a jini ma ya fi kusa da zakin Indiya a kan na Kenya da Afirka ta Kudu. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kusan 400 ne kawai suka rage a duk Afirka ta Yamma, mafi yawansu a dajin nan da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar, kaɗan a Senegal, mu kuma namu a Kainji da Yankari, su ma ba su kai hamsin ba. Shekara goma sha ɗaya ina zana baƙo ina kiransa ɗan gida.

Daga nan ne maganar tafiya Yankari ta shiga raina. Na ɗauki wata biyar ina tara kuɗi, maman yara tana ta min dariya wai mutane na gudun daji ni ina biyan kuɗi in shiga. Abokina da ke ɗaukar hoton biki ya yarda zai raka ni da motarsa da kyamararsa Canon da wani dogon gilashi da ya aro wurin ubangidansa, sharaɗinsa ɗaya, mai na kaina ne, in gilashin ya fashe kuma mu biyu za mu gudu daga Kaduna. Muka sa rana ƙarshen Fabrairu, don lokacin ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi dole su sauko bakin kogi.

Mun fita bayan asuba muka bi ta Pambeguwa da Saminaka muka hau Jos. Ba zan tsaya labarin hanya ba, wanda ya sani ya sani.

A Jos na ce sai mun fara shiga gidan tarihi, abokina yana ta ƙorafi wai tukwane muka zo kallo ko zaki. Gidan tarihin tun 1952 yake, Bature Bernard Fagg ne ya kafa shi, mutumin da ya fara gane cewa kawunan yumɓun da masu haƙar kuza ke tonowa ba tarkace bane, aikin wata al'umma ce guda ta da can, wadda ake kira Nok. Kuma abun da ke ba ni haushi da kaina shi ne, Nok ɗin nan a jiharmu take, ƙaramar hukumar Jaba, a 1928 aka fara tono na farko, ga gidan tarihi a kan titin Ali Akilu ina wucewa ta gabansa a Keke kusan kullum, amma sai da na je Jos na tsaya na kalli aikin Nok da idon mai zane. Idon nan nasu mai kusurwa uku da rami a tsakiya, na cika shafi biyu ina kwaikwayonsa da fensir. Tun muna makaranta na san hoton kan giwar Nok, da birai da macizai da suka gina, kuma abun mamaki giwar ma irin wannan idon suka sa mata, idon mutum. Mutanen da suka rayu fiye da shekara 2000 da suka wuce, ba kyamara ba intanet, amma kana gani ka san mai ginin ya taɓa tsayawa kusa da dabbar har ya ji warinta.

Da yamma muka shiga gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa tun zamanin Gomna Joseph Gomwalk. A nan na ga zaki ido da ido karo na farko tun ina firamare da aka kai mu gidan zoo na Kano. Yana kwance. Awa ɗaya da rabi muna tsaye yana kwance, sau ɗaya ya ɗaga kai ya kalle mu kamar masu bin sa bashi ya mayar. Ba laifinsa bane, zaki dama haka yake ko a daji, yana iya kwashe kusan awa ashirin a rana yana hutawa, mu ne masu zane muka mayar da shi kullum a tsaye kan dutse yana ruri. Amma a wannan ɗaga kan guda ɗaya na ga wani abu da ya sa na ji kunya: ƙwayar idonsa a zagaye take kamar ta mutum. Akwai zanuka na na farko-farko, har yanzu ɗaya na rataye a wani gidan abinci a Barnawa, da na tsaga masa ido a tsaye irin na kyanwa. Kyanwa daban zaki daban. In ka ci abinci a wurin kada ka ce ni ne.

Hotunan da muka ɗauka a nan duk waya ce ta keji ta cika su. Abokina ya nuna min dabara, ka manna gilashin jikin wayar ka buɗe shi sosai sai wayar ta narke ta ɓace, kuma ta ɗan yi, amma keji dai keji ne, ko ba ka ga ƙarfen a hoto ba kana ganinsa a kafaɗar dabbar.

Washegari muka sauka ta Toro zuwa Bauchi, muka ci masa, don ba a shiga Bauchi a fita ba a ci masa ba, muka ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima muka karya dama. Daga ƙofar shiga Yankari da ke Mainamaji zuwa sansanin Wikki tafiya ce ta sama da kilomita 40 cikin daji tsantsa, kuma tun a nan jikina ya fara min wani iri, na saba da daji a matsayin wurin da ake addu'a kafin a ratsa, yau ga ni ina leƙa taga ina neman abun da zai fito.

Yankari tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Na faɗi wannan ne don ku gane wautar da na yi, na shigo wannan uban dajin da kwana uku a aljihu ina sa ran zaki zai zo ya tsaya min in ɗauke shi.

Masu tarbarmu na farko gwaggon biri ne. Jama'a, duk abun da aka faɗa muku a kan biran Wikki gaskiya ne har da ƙari. Ban gama sauke jaka ba wani ƙato ya zo ya zare ledar burodi daga hannuna, ba gudu ya yi ba fa, tafiya ya yi a hankali ya zauna nesa kaɗan ya kwance ledar da yatsu yana ci yana kallona. Abokina ya kusa faɗuwa don dariya, shi ma kafin magariba sun shiga ta tagar mota sun ɗauke masa ƙuli-ƙuli. Ga kuma gadu, mugun dawa, suna yawo tsakanin ɗakuna suna durƙusawa a gwiwa suna kiwo kamar awakin unguwa. Su na fara zanawa a littafina, don su ne suka yarda su tsaya.

Ɗan jagoran da aka haɗa mu da shi mutum ne mai kimanin shekara hamsin, ɗan wani ƙauye a gefen dajin, ba ya da yawan magana. Tun a mota nace masa Malam ni fa zaki na zo nema. Ya yi murmushi yace, "Allah ya nuna mana, Oga. Ni da nake kwana a nan sai in daɗe ban gan shi ba, sai dai sawu, wani lokacin kuka da dare." Ya kuma kalli rigata shuɗiya yace gobe in sa wata, don ƙudan tsando na son shuɗi da baƙi. Ban ji ba a ranar farko, wuyana ya ji a madadina.

Fitar safe da ta yamma, kwana uku, bakin kogin Gaji. Mun ga gwambaza da yawa, mun ga mazo, mun ga ɓauna daga nesa sun tayar da ƙura, gwanki guda biyu sun tsallaka hanya kafin abokina ya ɗaga kyamara sun shige. Giwa kuma sai kashinta da rassan da ta karya, sabo fil har yana tururi, amma ita kanta ko kunnenta. Ɗan jagora yace suna nan kusa suna jinmu. Abu mai girman ɗaki ya ɓuya a bayan ciyawa, har yanzu abun na ɗaure min kai.

A safiya ta biyu ne ya sa direba ya tsaya a wani wuri mai yashi, ya sauka ya kira ni da hannu. Sawu ne a ƙasa, manya. Zuciyata ta buga nace zaki? Yace a'a kura ce, duba. Ya tsuguna ya nuna min da tsinke: ga alamar farce a gaban kowane yatsa, zaki da damisa ba sa barin farce a sawu don suna janye shi ciki in suna tafiya, kura ba ta iya janyewa, kamar kare. Ga kuma bayan tafin, na kura lanƙwasa biyu ne, na zaki uku. Sawun gaba ya fi na baya girma sosai, don kura gabanta ya fi bayanta tsawo da ƙarfi, shi ya sa take tafiya kamar mai ɗingishi. Muka bi sawun kaɗan sai ga kashi fari fat kamar alli. Yace kashinta ne, ƙashi take tauna ta haɗiye shi ya sa yake fari in ya bushe.

Wallahi na fi minti arba'in a tsugune a wurin ina zana sawun nan da kashin nan, abokina yana cewa in maman yara ta ji kashin kura ka zo zanawa da kuɗin makarantar yara ka shiga uku. Amma ni a lokacin ji nake kamar yau na fara koyon zane. Duk abun da na sani game da kura daga tatsuniya ne da kuma gardawa masu wasa da ita a kasuwa da takunkumi a baki, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A tatsuniya ita ce wawuya mai kwaɗayi da Gizo ke yi wa wayo kullum, matsoraciya mai cin mushe. Alhali kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ta gaske, mafi yawan abun da take ci ita ke kamawa da kanta, kuma a cikinsu mace ce shugaba, ta fi namiji girma ma. Ɗan jagora ya ƙara min da cewa akwai ɗayar, sayaki, mai zane-zane a jiki, ita ce ta fi kama da abun da muke faɗa, mai bin mushe ita kaɗai da dare. Sunan ma na manta da shi tun rasuwar kakata.

A daren nan na ji kukanta. Ba dariyar da ake faɗa ba, wani dogon "wuuup" ne da ke farawa ƙasa ya ɗaga sama, sau huɗu ko biyar, daga can nesa. Na fito bakin ƙofa da gajeren wando na tsaya, tsigar jikina ta tashi, sai na tuna ina tsaye ni kaɗai a waje na koma ciki na sa sakata. Tsoro na daji kunya na gida.

Hoton kirki guda ɗaya da muka samu na mai farauta, kada ne. Yamma ta ƙarshe, rana ta yi ja, muka tarar da shi kwance a kan yashi bakin ruwa baki a hangame. Na ɗauka barazana yake mana, ashe zafi yake fitarwa, haka suke sanyaya jiki. Bai motsa ba ko kaɗan, abokina ya ɗauki hoto ya fi ɗari biyu, ni kuma na karɓi kyamarar na ja zum har kan idonsa, to ga inda tsagaggen idon nan yake, wanda na ɗora wa zaki, ashe na kada ne. Kalar jikinsa kuma ba kore bace kamar yadda muke shafa masa a zanen yara, akwai ruwan ƙasa, akwai toka, akwai wani rawaya-rawaya a gefen ciki, ga busasshen laka a bayansa da ya fashe kamar ƙasar fadama a bazara. Ina kallo ina lissafin fentin da zan haɗa. Sai wani ɗan tsuntsu ya sauka kusa, kafin in ƙifta ido kadan ya juya ya shige ruwa, ko ƙara babu, ruwan ya rufe kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba.

Ina zaune a motar nan sai abun ya faɗo min, ni fa ɗan Kaduna ne. Garin da sunansa ma daga kadduna ya samo asali, kada na jikin tambarin jiha, muna yara ana kai mu Gamji mu leƙa su, kuma a shekara goma sha ɗaya ban taɓa zana kada ko sau ɗaya ba don babu mai saye.

Ruwan Wikki kam na shiga, ba zan yi ƙarya ba, sau biyar ma. Ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse garau kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wannan kaɗai ya isa mutum ya je.

A dawowa ba mu bi Jos ba, muka yi arewa ta Ningi don in tsaya Birnin Kudu, wanda tun farko shi ne dalili na biyu na tafiyar. Zanen da ke jikin duwatsun nan, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, na sha jin labarinsa ban taɓa gani ba. Ba su da girma, in ba a nuna maka ba za ka iya wucewa, wasu sun dusashe sosai. Shanu ne, da jar ƙasa da fari, kuma abun da ya fara kama idona shi ne ba su da tozo. Shanun da muka sani yanzu, bunaji da bokolo, duk masu tozo ne, waɗannan wani iri ne na da can. Ma'ana mai zanen abun da ke gabansa ya zana, saniyar da yake tatsa ko yake kora. Layin bayan saniya ɗaya ya ja shi tun daga wuya har gindin wutsiya ba tare da ya ɗaga hannu ba, ni na san wahalar wannan layin, sai hannun da ya yi shi sau dubu. Akwai kuma duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙarfe, wanda ya zagaya da mu ya buga mana, duk jikinsu ya lotsa saboda daɗewa ana bugu.

Na san akwai masu cewa, kuma an sha faɗa min a shago, zanen abu mai rai akwai magana a kansa. Na tambayi malamai na ji bayanai, wannan zance ne na wata rana ba na yau ba, kada a cika min akwatin saƙo don Allah.

Muka kwana Kano, washegari muka biyo ta Zariya muka shigo Kawo da la'asar, mota duk ƙura, aljihu wayam, gilashin aro lafiya lau alhamdulillahi. Zaki na daji ban gani ba, damisa dama ban sa rai ba, ƙi sabo ce. Abun da na dawo da shi littafin zane cike da gadu da birai da sawu, hoton kada ɗari biyu da wani abu, da cizon tsando a wuya.

Sati biyu ina kan zanen kadan nan, mita ɗaya da rabi, na haɗa har da yashin da na ɗebo a leda na cakuɗa cikin fentin ƙasan. Da na fito da shi waje Baba maigadi ya zo ya tsaya kamar wancan karon, ya daɗe, sannan yace, "To wannan kam ka gan shi." Bai ƙara komai ba. Yanzu kuma da sassafe nakan je wajen mahauta a Tudun Wada da ƙaramar kyamarar da na saya ta hannu, ina bin shirwa tana shawagi tana sauko wa tana sura, mahauta har sun saba da ni suna ce min mai hoton shirwa. Ita ma ashe wutsiyarta a rabe take kamar ta kifi, da ita take juyawa a sama, shekara nawa tana ɗauke mana 'yan tsaki ban taɓa lura ba.

Jiya wani Alhaji da na taɓa yi wa aiki ya aiko a yi masa zaki na sabon gidansa. Na zauna na zana masa samfuri a takarda, zakin ƙasarmu, siriri, geza 'yar kaɗan, yana kwance a inuwa bakin Gaji, na kai masa da kaina har ofis. Ya juya takardar sama ya juya ƙasa yace, "Malam, ai wannan zakanya ce, kuma kamar ba ta da lafiya." Nace ranka ya daɗe namiji ne, irin na Yankari kenan, haka namu suke. Yace shi dai a yi masa irin na wancan karon mai gashi, a buɗe bakin, kuma kafin Juma'a yake so. Na tambaye shi ko yana son kada, akwai wani babba a shago. Ya kalle ni ta saman tabarau yace kada a falo, lafiyarka kuwa?

Na karɓi kuɗin kafin alƙalami, don kuɗin makaranta na nan yana jira. Idon dai a zagaye zan yi shi.